Neman shawara: tafiyar ƙafa a karkarar kudancin Faransa ga wanda ba shi da mota

Baban Hafsa, Gwammaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da sauran 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ni malami ne a fannin aikin gona, kuma idan Allah ya kai mu watan Satumba zan halarci wani taro na kwana huɗu a birnin Montpellier da ke kudancin Faransa. Bizar da na samu ta ba ni sararin kwana takwas bayan an tashi daga taron, ni kuwa ba na sha'awar ƙarar da su a manyan birane, domin abin da na daɗe ina son gani da idona shi ne yadda manoma da makiyayan ƙasar suke zaune a ƙauyukansu. Ba ni da niyyar ɗaukar hayar mota, saboda tsadarta da kuma rashin sabo da dokokin tuƙinsu. Shekaruna 46, lafiyata ƙalau alhamdu lillahi, kuma kusan kullum bayan sallar asuba nakan taka daga gida zuwa gindin Dala in dawo. Faransancina na gaisuwa ne da ciniki, wanda na koya a Alliance Française a nan Kano.

Abin da nake tambaya shi ne, shin mutum zai iya ratsa wani yanki na karkara a can da ƙafa da jirgin ƙasa kaɗai ba tare da ya tagayyara ba? Wane yanki ne ya fi kusa da Montpellier, ina ake kwana, kuma yaya Musulmi zai yi da abinci da salla? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Abu Mus'ab, Sabuwar Gandu

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Na yi shekara uku ina karatu a kudancin ƙasar, kuma na yi irin wannan tafiya sau biyu, don haka zan faɗa maka abin da na gani. Yankin da ya dace da kai shi ne Cévennes, wato tsaunukan da ke arewa da Montpellier da Nîmes, waɗanda aka mayar da tsakiyarsu gandun daji na ƙasa a 1970, UNESCO kuma ta saka su tare da tuddan Causses cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, ba don komai ba sai don tsarin kiwon da mutanen wurin suka gada. Ga mai nazarin aikin gona ba na jin akwai inda ya fi nan.

Faransawa sun daɗe da shata hanyoyin ƙafa a duk faɗin ƙasarsu, manyan cikinsu ana kiran su GR, kowace da lambarta. Wadda ta ratsa wannan yanki daga arewa zuwa kudu ita ce GR 70, wadda aka fi sani da hanyar Stevenson, saboda wani marubuci ɗan Sikotland mai wannan suna ya bi ta da jaka, wato macen jaki, a 1878, ya tashi daga Le Monastier ya sauka Saint-Jean-du-Gard cikin kwana 12, tafiyar kimanin kilomita 220, wato kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Ba sai ka yi ta duka ba. Daga Montpellier ka shiga jirgin ƙasa zuwa Nîmes, tafiyar kamar rabin awa, daga nan ka canza zuwa layin da ke haurawa Clermont-Ferrand ta Alès, ka sauka a tashar La Bastide. Hanyar ƙafar ta ratsa wannan ƙauye, saboda haka da saukarka daga jirgi ka hau kanta. Daga nan zangonka su ne Chasseradès, Le Bleymard, Le Pont-de-Montvert, Florac, Cassagnas, Saint-Germain-de-Calberte, sannan Saint-Jean-du-Gard, inda ake samun bas zuwa Alès ko Nîmes. Kwana bakwai ke nan, yawancin zangon tsakanin kilomita 12 ne zuwa 22, sai dai na Le Pont-de-Montvert zuwa Florac ya kusa 30, kuma shi ne ya fi ba ni wahala.

Ɓata ba shi ne abin tsoro ba, matuƙar mutum yana lura. Alamar hanyar ita ce layin farin fenti a sama da ja a ƙasa, za ka gan ta a jikin bishiya, ko dutse, ko kusurwar katanga. Idan layukan sun lanƙwashe, kwana ake nufi. Idan kuwa sun gitta juna kamar alamar da malami ke yi wa amsar da ba daidai ba, to, ba nan ba ne, sai ka koma baya. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce, idan na yi minti goma ban ga alama ba, ba na ƙara taku ɗaya gaba sai na koma inda na ga ta ƙarshe. Ka sayi ɗan littafin jagorar hanyar, wanda hukumar masu tafiyar ƙafa ta ƙasar take bugawa, ka kuma sauke taswira a wayarka tun kana da intanet, domin a cikin kwaruruka sabis yakan ɗauke.

Abin da nake so ka riƙe da kyau, Malam, shi ne wannan. Mu a Kano mun saba da cewa duk inda mutum ya tsaya zai ga Adaidaita Sahu, ko mai shayi, ko mai tireda, ko yaron da zai nuna masa hanya, ko da ƙarfe goma na dare ne. Can ba haka abin yake ba. Lardin Lozère, inda mafi yawan wannan tafiya take, shi ne mafi ƙarancin jama'a a Faransa, mutanensa gaba ɗaya ba su kai dubu 80 ba, adadin da wata unguwa ɗaya a cikin birnin nan za ta iya haura shi. Za ka shiga ƙauye da tsakar rana ka ga gidajen dutse tagoginsu a rufe, ba motsin kowa sai ƙarar ruwa a kwatami. Kantin da ke akwai yakan rufe da rana daga wajen sha biyu da rabi, wani ba ya buɗewa ranar Lahadi da yamma ko ranar Litinin, wani ƙauyen ma ba shi da kanti sam. Na taɓa isa wani ƙauye da ƙarfe ɗaya na rana da niyyar sayen burodi, na tarar da ƙofa a kulle, na ƙarasa sauran kilomita tara da dabino bakwai da ruwan gora. Tun daga ranar ba na barin masauki da safe sai da abincin rana a cikin jaka.

Haka nan wurin kwana. Akwai masaukan matafiya da suke kira gîte d'étape, ɗaki ɗaya da gadaje huɗu ko shida ko fiye, da banɗaki na tarayya, kuma yawancinsu suna haɗa kuɗin gado da abincin dare da karin kumallo. Ba a zuwa musu kwatsam. Satumba lokaci ne da hanyar ke cika da dattawan da suka yi ritaya, saboda haka ka kama gadonka na kowane dare tun kana Kano, ka buga takardun shaidar ka riƙe. Akwai kuma masu ɗaukar kaya da mota daga wannan masauki zuwa na gaba, irin su La Malle Postale, sai ka biya su ka tafi da 'yar ƙaramar jakar goyo kawai.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta hawan tsaunin Mont Lozère daga Le Bleymard. Ƙololuwarsa, Finiels, tana da tsayin mita 1,699, kuma a saman babu bishiya, sai ciyawa da iska da wasu dogayen duwatsu da aka kakkafa a jere tun zamanin da, domin matafiyi ya bi su idan hazo ko ƙanƙara sun rufe hanya. A can na haɗu da garken tumaki da makiyayinsu, ƙararrawa a wuyan wasunsu. Hanyoyin da suke bi su hau tsauni da bazara su sauko da kaka, waɗanda suke kira draille, ba su da bambanci da burtalin da muka sani, sai dai nasu an kiyaye shi, ba wanda ya nome shi. Na tsaya na daɗe ina kallo, ina tuna burtalan da suka ɓace a ƙauyenmu da irin rigimar da ɓacewarsu ta jawo. Idan ka gangara kudu kuma za ka shiga ƙasar wata bishiya da suke kira châtaignier, wadda 'ya'yanta suka ciyar da mutanen yankin ɗaruruwan shekaru, ana busar da su a niƙa gari, har suna yi mata laƙabi da bishiyar burodi. Za ka ga yadda suka yanka gangaren tsauni hawa-hawa suka tokare da ginin dutse ba siminti don su sami wurin shuka. Wannan kam kai za ka fi ni fahimtarsa.

Alhaji Baba, Fagge

Salamu alaikum. Abu Mus'ab ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi, amma ni ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Shi ya yi tafiyarsa yana saurayi, yana jin harshen ƙasar kamar Hausa, kuma ya riga ya saba da yanayinsu. Malam kuwa baƙo ne, shi kaɗai, da iyali a gida suna jiran sa. Takawa daga Gwammaja zuwa Dala abu ne mai kyau, sai dai ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, kuma hawa da gangara na awa shida kullum har kwana bakwai a jere wani abu ne daban, gwiwa ce take fara kokawa tun kafin numfashi.

Na biyu, watan da ya ambata shi ne farkon lokacin ruwan da yankin ya yi suna da shi. Da kaka iska mai ɗumi takan taso daga tekun Bahar Rum ta daki waɗannan tsaunuka, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rafin da ka tsallake da safe ya zama kogi kafin la'asar. A ranakun 8 da 9 ga Satumban 2002 an yi irin wannan a lardin Gard, inda aka auna sama da milimita 600 a wajen Anduze cikin kwana guda, mutane fiye da 20 suka rasu. Hukumar hasashen yanayinsu, Météo-France, tana fitar da gargaɗi da launuka, kore da rawaya da ruwan lemo da ja. Idan ka ga ruwan lemo ko ja a lardin da kake, kada ka fita, ko da ka riga ka biya kuɗin gadon gaba.

Shawarata ita ce ka zaɓi gari ɗaya ko biyu da ke kan layin jirgi, kamar Villefort ko Génolhac ko Langogne, ka ajiye kayanka, kullum ka fita da safe ka bi gajerun hanyoyin da ake yi wa alama da rawayan fenti, waɗanda suke zagayowa su dawo da kai inda ka tashi. Ta haka idan jiki ya ƙi ko sama ta ɓaci, ga tasha kusa. Ka sani kuma jiragen wannan layi 'yan kaɗan ne a yini, kuma Florac ba ta da jirgi ko kaɗan, sai bas, shi ma jadawalinsa yakan canza tsakanin lokacin hutun makaranta da lokacin karatu, ranar Lahadi kuma ya ragu ƙwarai. Wanda ya rasa na ƙarshe sai dai ya kira tasi daga wani gari, kuɗinta kuwa zai iya cinye na kwana biyu.

Maman Sadiq, Tarauni

Assalamu alaikum. Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi kwas na wata tara a Faransa, kuma mun yi kwana huɗu a wannan yanki ni da maigidana lokacin da ya kawo mini ziyara. Tun da ba a taɓo maganar abinci da salla ba, bari in ce wani abu a kai.

A manyan garuruwa irin su Montpellier da Nîmes da Alès akwai masallatai da mahautan halal, amma da zarar ka hau tsauni ka bar su a baya. Mutanen karkarar nan naman alade shi ne abin alfaharinsu, suna busar da shi su yanka shi siri-siri su kawo a farkon cin abinci, suna kuma zuba gutsattsarinsa, wanda suke kira lardons, a cikin miya da ganye da ƙwai ba tare da sun ɗauke shi a matsayin nama ba. Wani lokaci kuma sukan dafa naman sa da giya. Don haka idan kana kama gado ka rubuta musu a fili cewa ba ka cin nama kowane iri, ba ka shan giya, kuma kada a saka ta a girki, amma kana cin kifi da ƙwai da cuku. Cewa ba ka cin alade kawai ba ya wadatarwa. Duk inda muka sanar tun da wuri an yi mana abincinmu daban ba tare da ɓata rai ba. Wata dattijuwa ta soya mana ƙwai da naman kaza na daji, wato tsiron nan mai kama da laima, ta kawo cukun akuya ɗan ƙarami da suke kira pélardon, da zuma, ta tsaya a kanmu sai da ta ga mun ci. Ka tafi da dabino da gyaɗa da garin kunu ko ɗan garin rogo a jaka, amma kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje.

Ruwan famfo a masauki ana sha. A ƙauyuka za ka ga maɓuɓɓuga a dandali, idan an rubuta eau potable to na sha ne, idan an rubuta non potable ka yi alwala da shi kawai. Ka saka 'yar gorar roba a jaka ta zama butarka, domin ba za ka sami buta a banɗakinsu ba.

Game da salla, alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar nan Kano da muke fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa ba, don haka kada ka dogara da sabo. Agogonsu a Satumba yana gaban namu da awa ɗaya, kuma a tsakiyar watan rana takan faɗi wajen ƙarfe takwas, daidai lokacin da ake tsakiyar cin abincin dare, wanda ake zama a yi tare a teburi ɗaya tun daga bakwai ko bakwai da rabi. Mu mukan nemi izini mu tashi mu yi magariba mu dawo, ba wanda ya taɓa ce mana don me. Da asuba kuwa, tun da ɗakin na tarayya ne, maigidana yakan shirya dardumarsa da tocila tun da dare ya fita falo ko tsakar gida don kada ya tashi mutane. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka ka fayyace masa yadda zangon yake kafin ka tashi.

Ta fuskar aikina kuma, ka kula da abu uku. Takalmin da za ka yi tafiyar da shi ka saye shi yanzu, ko na gwanjo ne a Ƙofar Wambai, mai kaurin ƙasa da ke riƙe idon sawu, ka yi ta takawa da shi har ya saba da ƙafarka, domin sabon takalmi bororo yake jawowa tun ranar farko. Akwai kaska a cikin ciyawa wadda cizonta kan jawo cutar Lyme, saboda haka ka sa dogon wando, kullum da dare ka duba jikinka, idan ka ga jan zobe yana faɗaɗa a inda ta ciza ka nemi likita. Sannan karnukan da ke gadin tumaki, manya farare da ake kira patou, ba a gudu idan sun taso, ba a ɗaga musu sanda, tsayawa ake yi a natse sannan a kewaye garken daga nesa. Lambar neman agaji ita ce 112, fasfonka da takardar inshora kuma kada su rabu da jikinka.

Za a kalle ka, domin baƙar fata ba ta da yawa a waɗannan ƙauyuka, amma mu dai ba mu ga wulaƙanci ba. Abin da na lura shi ne suna riƙe gaisuwa kamar yadda muke riƙe sallama. Wanda ya shiga kanti bai ce bonjour ba ya fara tambaya, sai ya ga fuska ta canza.

Baban Hafsa, Gwammaja

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Alhaji, maganarka ta shige ni, kuma uwargidana da na karanta mata ta goyi bayanka. Sai dai burtalin nan da Abu Mus'ab ya kwatanta a saman tsauni shi ne ainihin abin da zai kai ni, ba na so in je har can in dawo ban taka shi ba. Hajiya, na rubuta jawabin abincin kamar yadda kika tsara, zan kai wa malaminmu na Faransanci ya gyara mini. Abin da ya rage shi ne, shin akwai yadda zan haɗa shawarwarin biyu, in hau Mont Lozère ba tare da na ɗaure kaina da kwana bakwai a jere ba?

Abu Mus'ab, Sabuwar Gandu

Akwai, Malam, kuma gaskiyar Alhaji ce a kan ruwan kaka da gwiwa. Ka yi zango uku na farko kawai, daga La Bastide zuwa Chasseradès, wanda gajere ne zai gwada maka ƙafarka, sannan Le Bleymard, sannan ka haye tsaunin ka sauka Le Pont-de-Montvert. Chasseradès tana da 'yar tasha a kan layin da ya haɗa La Bastide da Mende, don haka idan ranar farko ta nuna maka jiki ba zai ɗauka ba, kana da hanyar komawa. Ka ware kwana ɗaya na jira a Le Bleymard, domin idan aka wayi gari da hazo ko gargaɗin tsawa kada ka hau, saman fili ne fetal babu wurin fakewa. A Le Pont-de-Montvert ka huta kwana guda, ƙauye ne a bakin kogin Tarn mai tsohuwar gadar dutse, kuma a nan ne tawayen Camisards ya faro a 1702, lokacin da 'yan Furotesta na yankin suka tashi saboda an hana su addininsu. Daga nan ka tambayi mai masaukinka tun kwana biyu kafin ranar ya kama maka kujera a motar masu ɗaukar kaya zuwa Florac, domin suna ɗaukar fasinja idan an sanar da su da wuri, ka ga ka tsallake zangon nan mai tsawo. Idan da sauran ƙarfi, hanyar Florac zuwa Cassagnas mai sauƙi ce, wani ɓangarenta a kan tsohon layin dogo take, tana bin gefen rafi. Farauta kuma takan buɗe a watan Satumba, saboda haka ka sa riga ko hula mai launi mai haske, ka tsaya a kan hanyar da aka yi wa alama. Ka dawo Nîmes ko Montpellier kwana ɗaya cur kafin ranar jirginka na gida, kuma ka tabbatar ranar fitowarka daga Florac ba ta faɗo a Lahadi ba.